Yadda zaka kwashe waƙoƙinka daga kaset mai layi huɗu zuwa kwamfuta ka sake miksin

Duk wanda ya taɓa naɗar waƙa a ɗaki da irin injinan nan masu ɗaukar layi huɗu a kaset, kowane layi da nasa sautin, su Tascam Portastudio ko Fostex ko Yamaha, nasan yana da wani kwali a wani lungu cike da kaset-kaset da ya daɗe bai taɓa ba, kuma lokaci-lokaci abin yana faɗo masa a rai, ya ce ina ma zan samu muryar nan ita kaɗai da jitar nan ita kaɗai a kwamfuta in gyara su yadda nake so. Toh ana yi, kuma ba wani tsafi a ciki. Amma akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun daga nan, duk sauran bayanin a kansa ya rataya: ka kwashe duka layukan a tafiya ɗaya, daga irin injin da aka ɗauke su, ba tare da ka gyara komai a hanya ba. Gyara yana jiranka a kwamfuta, can zaka yi ka warware sau ɗari in ka ga dama, shi kuwa tef ɗin da ya shekara talatin a ajiye wataƙila juyi ɗaya ko biyu masu kyau suka rage masa.

Da farko ka cire rai da rediyon kaset na gida. Mutane da yawa nan suke fara ɓata lokaci. Kaset ɗin da aka saba yana da gefen A da gefen B, layi biyu suna tafiya nan, biyu suna dawowa. Injin mai layi huɗu shi duk faɗin tef ɗin yake cinyewa lokaci guda, layukan huɗu duk hanya ɗaya suka nufa, shi ya sa in ka saka a rediyo layi na 1 da na 2 kawai zaka ji, in ka juya shi kuma na 3 da na 4 su fito maka a baibai, daga ƙarshen waƙa zuwa farko. Ga kuma maganar gudu. Kaset na yau da kullum yana tafiyar santimita 4.75 a daƙiƙa, amma da yawan injinan nan, tun daga TEAC 144 da ya fito a 1979, ninki biyu suke yi, wato 9.5, don sautin ya fi fita tas. Wannan ne ma dalilin da kaset C-60 ke ƙarewa a minti 15 kacal, C-90 kuma minti 22 da rabi. Wasu kamar Tascam 424 suna da duka biyun, akwai madanni na zaɓa. In ka ji murya ta yi kauri tana jan jiki kamar mai magana cikin barci, gudun ne ba daidai ba, matsar da madannin.

Akwai masu dabarar ɗaukar gefe biyun da dek na gida, su juya na biyun a kwamfuta sannan su ninka gudu. Yana yiwuwa, amma ka bar shi sai in injin ya gagara samuwa kwata-kwata, don layukan ba zasu zauna tare ba, kuma launin sautin zai canza. In kuwa kaset ɗinka na layi takwas ne, irin na Tascam 488 ko 238, wannan dabarar ma babu ita, dole sai ka nemo injin irin nasa.

Sai abin rage huci. Tef yana da wani shuuu da ba ya rabuwa da shi, don haka kamfanonin suka saka na'urar da ke danne shi. Tascam galibi dbx suke amfani da shi, Fostex kuma Dolby, B ko C. Yadda dbx ke aiki shi ne lokacin ɗauka yana matse sautin biyu zuwa ɗaya, lokacin saurare ya sake buɗe shi. In an ɗauka da shi kai kuma ka kunna babu shi, zaka ji sautin ya yi siriri ya yi tsini, komai a matse, hucin kuma yana tasowa duk inda aka yi shiru. In kuma ba a ɗauka da shi ba ka kunna shi, sai sautin ya dushe, yana numfashi yana shiga yana fita, wuraren da aka yi a hankali su ɓace ɗungurungum. Duba jikin kaset ɗin da takardarsa, sau da yawa mun rubuta a lokacin. In babu rubutu gwada duka biyun na ƴan daƙiƙu, kunnenka zai faɗa maka nan take, bambancin ba ɓoyayye bane. Wani abu kuma da ba kowa ke lura ba, tunda dbx ninkawa yake yi wajen buɗewa, duk wani kuskure shi ma ninka shi yake, in datti a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta tef, ya rage maka desibel 1, zai fito a matsayin 2. Kaga ke nan wanke inji dole ne.

Kafin kaset ɗinka mai daraja ya shiga ciki, nemo wani wanda baka damu da shi ba ka gwada injin da shi. Dan Allah kar ka tsallake wannan. Injin da ya daɗe a ajiye bel ɗinsa na roba ko ya saki ko ya narke, na taɓa buɗe wani na tarar bel ɗin ya koma kamar kwalta, baƙi ƙirin yana manne a jikin ƙarfen da yake juyawa, sai da na yi kusan awa ɗaya ina gogewa da auduga kafin in saka sabo. Inji a wannan halin in ka ba shi kaset tauna shi zai yi. Ka saurari na gwajin da kyau, musamman inda aka ja sauti mai tsawo kamar na fiyano, in yana rawa yana karkarwa to bel ko robar da ke danne tef ta gaji, a canza ta tukuna.

Wankin kansa mai sauƙi ne. Sifirit irin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da tsinken auduga irin na goge kunne. Ka goge hed ɗin ɗauka da saurare, ka goge na sharewa, ka goge sandar ƙarfen nan siririya mai jan tef, zaka ga audugar tana fitowa ruwan ƙasa, ka yi ta canzawa har ta fito fara. Ita robar da ke danne tef kar ka cika mata sifirit, yana busar da ita ta tsattsage, ɗan ruwa kaɗan a auduga ya isa ko maganin wanke roba in kana da shi. Bari komai ya bushe sarai. In kana da na'urar cire maganaɗisu daga hed, kashe injin tukuna, ka kwashe kaset-kaset daga wurin, ka kunna ta daga nesa ka matso a hankali ka janye a hankali sannan ka kashe. In baka saba da ita ba gara ka barta, wanda ya yi ba daidai ba ƙara wa hed ɗin maganaɗisu yake yi.

Yanzu kaset ɗin. Abu na farko ɓalle ƴan kunnuwan nan biyu na samansa, ɓallewarsu ce ke hana ɗauka a kai, yanzu-yanzu, tun kafin ya kusanci inji. Madannin ɗauka yana maƙwabtaka da na kunnawa, yatsa ɗaya ya zame shi ke nan. Sai ka leƙa ta ƙasa inda tef ke wucewa, akwai wani ɗan soso ƙarami a kan siririn ƙarfe, shi ke tura tef ya manne da hed. Gam ɗinsa yana bushewa ya faɗi, in babu shi sautin zai fito a dushe kamar an rufa wa sifika bargo. Ana mayar da shi, ko kuma ka cire zaren tef ɗin gaba ɗaya ka dasa shi a gidan wani kaset mai kyau, irin wanda ake ɗaurewa da sukuru. Ka saka biro ka juya da hannu ka ji ko yana tafiya sumul. In ka ga fari-fari kamar gari a gefen naɗin, fumfuna ce, kar ka saka shi a inji, zai ɓata hed ya kuma shafa wa sauran. In lafiya lau ne, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya don naɗin ya saki ya zauna daidai, amma ka tsaya kusa, wani lokacin haɗin da ke tsakanin tef da farar ledar farko yana rabuwa.

Masu tef na faifai, irin na Tascam 388 ko Fostex R8 ko Tascam 38 mai rabin inci, ku naku akwai ƙarin hatsari. Wasu tef na shekarun 1970 da 1980, sanannu a ciki su ne Ampex 406 da 456, gam ɗin da ke riƙe garin maganaɗisun yana shan danshi ya yi danƙo. Alamar ita ce tef ya fara ƙara ƙiii yana tafiya da ƙyar, yana barin baƙin danƙo a kan hed. Da ka ji haka tsayar nan take, abin da yake gogewa ɗin nan waƙarka ce. Maganin da ake yi shi ne gasa shi a zafi kaɗan, wajen digiri 50 zuwa 54 a ma'aunin Salshiyas na awoyi, a na'urar da ke riƙe zafi daidai, ba obin na girki ba, kuma ba a gasa tsohon nau'in tef da ake kira asitet sam. Gashin ma na ɗan lokaci ne, dama ce kawai ta ka kwashe. Ni shawarata in abin yana da muhimmanci a wurinka kai wa wanda ya saba.

Toh mu zo kan wayoyi. Juya bayan injin ka nemi ramukan da aka rubuta TAPE OUT, 1 zuwa 4. Tascam 424 yana da su, 238 yana da guda takwas. Waɗannan su ne hanyarka, domin sautin yana fitowa daga tef kai tsaye bai bi ta miksar injin ba, babu ruwansa da inda ka ajiye feda, wato abin ɗaga ko sauke ƙarar layi, ko ka murɗa bes. Kana buƙatar saunkad, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, mai ƙofar shiga aƙalla huɗu na layin, takwas in injinka mai takwas ne. Ka lura da kyau wajen saye ko aro, wasu ana rubuta huɗu a kwali amma biyu daga ciki na dijital ne, ba zasu karɓi wayarka ba. Kebul kuma mai kan RCA a gefe ɗaya, babban jak a ɗaya gefen, gajeru sun fi. Layi na 1 ya shiga ƙofa ta 1, haka har ƙarshe, ka manna musu ƴar takarda. A jikin saunkad ɗin kashe wutar 48V da ake ba makirfo, kashe madannin jita, ka bar shi a kan layin. In yana da zaɓi tsakanin -10 da +4 zaɓi -10, shi ne ƙarfin da irin waɗannan injinan ke fitarwa.

Me ya sa nake ta nanata tafiya ɗaya? Domin mota ce ke jan tef, da bel da roba, kuma babu ranar da zata yi gudu iri ɗaya sak sau biyu. Farkon yin nawa saunkad mai ƙofa biyu gare ni, na ɗauki ganga da bes a zagayen farko, na dawo da kaset na ɗauki murya da jita. Na daidaita farkonsu a allo tsaf, bugun farko ya hau kan bugun farko. Minti ɗaya lafiya. Wajen minti na biyu na fara jin kamar mawaƙin yana ɗan jinkiri, kafin amshi na ƙarshe murya ta koma bayan ganga ƙarara, duk wanda ya ji zai ce mai waƙar bai iya bin kiɗa ba, alhali a kaset ɗin daidai yake. Abin ya dame ni sosai don muryar ta wani abokina ce da ba zai sake rera ta ba. Kuma zamewar ba a miƙe take ba balle ka ja ta sau ɗaya ta gyaru, nan ta yi gaba can ta yi baya. In ka kwashe su tare kuwa, duk rawar da motar ta yi tare suka yi ta, babu wanda ya bar wani.

In injinka ba shi da TAPE OUT, kafin ka haƙura ka ƙirga duk ramukan fita da yake da su. Layi na 1 ka karkatar da shi hagu gaba ɗaya, na 2 dama gaba ɗaya, su fita ta babbar mafita. Na 3 ka sauke fedarsa ka fitar da shi ta ramin kiyu ko monita, wato na saurare, na 4 ta ramin tura ifekt, sai dai ka duba don a wasu injinan ramin ifekt yana bin feda, in ka sauke ta shi ma ya mutu, to sai ka cire layin daga babbar mafita ta madannin rabawa. Ka tsayar da duk abin murɗa bes da tirebul a tsakiya. Ƙarfinsu ba zai zo ɗaya ba amma wannan ƙaramin abu ne, ana daidaitawa daga baya.

In duk ta ƙi sai an yi zagaye fiye da ɗaya, akwai abin da ke rage wahala. Duk abin da aka ɗauka a matsayin tagwaye, kamar kibod na hagu da dama ko makirfo biyu a kan ganguna, su tafi a zagaye ɗaya, raba su yana sa sautin ya riƙa wani irin shawagi da ba ya gyaruwa. Sannan ka zaɓi layi ɗaya, wanda ya fi bugu mai kaifi, ya riƙa bin kowane zagaye, misali 1 da 2, sai 1 da 3, sai 1 da 4. Shi ne ma'auninka, kana ganin inda kwafinsa biyu suka rabu kasan nawa zaka ja ko ka matse abokin tafiyarsa. Ka yanka waƙar gida-gida, baiti da amshi, ka daidaita kowanne daban. Wasu suna naɗa tafi ɗaya a duka layukan kafin waƙa da bayanta don alama, yana aiki, amma ni bana son a kunna ɗauka a kan kaset na asali ko da a wurin da babu komai ne.

A kwamfuta kowace manhajar da ke ɗaukar layuka da yawa lokaci guda ta isa, Reaper, Cubase, Ardour, duk ɗaya. Audacity kyauta ce kuma tana yi, sai dai a Windows wani lokaci ƙofa biyu kawai take gani saboda direba, in ka ci karo da haka koma Reaper ka zaɓi direban ASIO na saunkad ɗinka. Buɗe layi huɗu, kowanne mono, kowanne da ƙofarsa. Saita bit 24, da 48 kHz, in kana da wuri ka yi 96 kamar yadda masu adana tsofaffin sautuka suke yi. Fayil ya zama WAV, kar ka kusanci MP3 a wannan matakin. Wuri ba matsala bane, a 48 kowane layi yana cin kusan megabait 8.6 a minti, huɗun wajen 35.

Wajen ƙarfin shiga, nemo inda waƙar ta fi ƙara, ka murɗa gen, wato abin ƙara ƙarfin shiga na saunkad, har allurar ma'auni ta riƙa tsayawa tsakanin desibel -12 da -6, kar ta taɓa sifili ko sau ɗaya. Tef in an cika masa ƙarfi yana ɗan murƙushe sautin a hankali har ma da daɗi, dijital kuwa fashewa yake yi kuma ba a ɗinkewa. Da bit 24 baka rasa komai don ka bar sarari. Ni nakan ajiye gen ɗin duka ƙofofin wuri ɗaya, don in na buɗe a kwamfuta in tarar da ma'aunin da muka ɗauka da shi tun asali. Saka hedfon ka saurara kafin kaset ya fara tafiya, in kana jin wani gurnani mmmm, na wutar lantarki ne mai 50 ko 60 Hz, gwada haɗa inji da kwamfuta a soket ɗaya, ko ka zare cajar laftof ta yi aiki da batir, ka kuma raba wayoyin sauti da na wuta.

Duba abin murɗa PITCH yana tsakiya. In a waƙar akwai kibod, gwada shi da sautin A na 440 Hz ka ji ko sun hau, in ya ɗan yi sama ko ƙasa gyara a jikin injin. Amma ka tuna da can mukan murɗa shi da gangan don murya ta kai inda ba ta kaiwa, in an rubuta haka a takardar kaset bi abin da aka rubuta. Haka in layi na 4 wani ƙara ne mai tsini babu daɗin ji, ba lalacewa ya yi ba, siginar daidaita injin ganga ce ko sikwensa, wato na'urar da ke kunna kiɗan da aka tsara mata, a 424 ma akwai wurin SYNC a madannin dbx saboda ita. Ɗauke ta a hakan, ka kashe ta wajen miksin.

In ba injin da ka ɗauka da shi bane kake amfani da shi, kuma sautin ya fito a dushe duk da ka wanke, mai yiwuwa tsayuwar hed ɗin ta ɗan bambanta da na asali, abin da masu gyara ke kira azimut. Akwai ɗan sukuru a gefen hed, ana murɗa shi kaɗan-kaɗan ana saurare har kaifin sauti ya fito iya fitowa. Yi alama a inda yake kafin ka taɓa, kuma sukundireban kar ya zama mai maganaɗisu.

Danna ɗauka a kwamfuta tukuna, sannan ka kunna kaset, ka bar shi ya tafi tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Kar ka ce bari in tsallake zuwa waƙa ta uku. Maganganun da ake yi tsakanin waƙoƙi, ƙirgen ɗaya biyu uku, dariyar wani a bayan makirfo, wata rana su zaka fi so. Kuma ka bar ƴan daƙiƙu na hucin tef zalla a farko, manhajar rage huci da shi take koyon abin da zata cire. Kana gama kaset ɗaya duba hed ka sake gogewa kafin na gaba.

Da ka tsayar, sa wa fayilolin suna mai ma'ana, sunan kaset da lambar layi da abin da ke ciki, ka rubuta gudu da dbx ko Dolby a ɗan fayil na rubutu cikin foldar. Kwafi foldar zuwa wani had dis daban kafin ka taɓa komai, miksin a kan kwafi zaka yi. In zaka yanka waƙoƙi daban-daban, yanka duka layukan tare a wuri ɗaya.

Wajen miksin ɗin ka yi haƙuri da hucin. Mafi yawansa yana tafiya ne in ka rufe kowane layi a inda ba a komai a kansa, misali layin murya lokacin da jita ke nata, ka kuma yanke can ƙasan da babu amfani a murya da jita. Manhajar rage huci in ka matsa mata sai murya ta koma kamar daga cikin ruwa, kaɗan ya isa. Zaka ji ƴar ƙwas a inda aka shiga aka gyara wani wuri a tsakiyar layi, zuƙo wurin ka shafe ta da ɗan gajeren fed, wato sauke ƙara a hankali. Zaka kuma ji bes yana ɗan leƙowa a layin maƙwabcinsa, haka kaset yake, layukan sirara ne kuma a manne suke. Layin da aka riga aka tara abubuwa uku a kansa don a samu wuri, ganga da bes da kibod a haɗe, a haɗen zaka same shi, akwai manhajojin raba sauti na yanzu da zaka iya gwadawa amma suna barin tabo, ni nafi gyara shi da ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage bes da tirebul, a yadda yake.

Wanda nasa ADAT ne, mai amfani da kaset ɗin bidiyo na S-VHS, shi dama dijital ne, waya ɗaya ta haske tana ɗauke layi takwas zuwa saunkad mai ramin ADAT, abin lura kawai ka saita saunkad ya bi agogon injin, in ba haka ba zaka ji ƙyas-ƙyas a ko'ina.

Kaset ɗin kuma kar ka yar don ka kwashe. Mayar da shi gidansa, ka jera su a tsaye kamar littattafai, wuri mai sanyi marar danshi, nesa da sifika da duk abin da ke da maganaɗisu.